Katin Jel ko Kwalbar Gwaji: Wanne Ya Dace da Bankin Jininku?

Duk wanda ke shugabantar ɗakin gwajin da ake ajiye jini, ko ba daɗe ko ba jima tambayar nan za ta iso teburinsa: a ci gaba da gwada jini a kwalba kamar yadda aka saba, ko a koma katin jel, wato katin roba mai ƙananan ramuka cike da jel da ake yin gwajin a cikinsu? Dillalan kayan asibiti suna zuwa da takardun farashi masu ƙyalli, matasan ma'aikata da suka ga katin a manyan asibitoci suna ɗokin a sayo, shi kuma mai riƙe da kuɗi abu ɗaya yake son ji, wato nawa kowane gwaji zai ci. Kowa da gaskiyarsa. Amma ni a ganina, kafin a kai ga zancen kuɗi akwai tambayar da ta fi ta nauyi: wace hanya ce za ta sa a riƙa yin gwajin Coombs, wato gwajin da ke tona rashin dacewar jini da ido ba ya gani, daidai, kowane lokaci, ga kowane majinyaci, ko da ƙarfe biyun dare ne kuma ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki? A kan wannan zan auna hanyoyin.

Abin da ake nema a gwajin

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da alamomi a bayansu, waɗanda ake kira antijin. A cikin ruwan jini kuma akwai antibodi, masu kama alamar da jiki bai sani ba. Karl Landsteiner ya gano rukunonin A da B da O a 1901, aka gano AB a shekarar da ta biyo baya. Antibodin waɗannan rukunoni manya ne, nau'in IgM, da sun haɗu da ƙwayar da ba tasu ba sai su dunƙule ta har ido ya gani. Shi ya sa ko a kan farar tayil ana iya gane A daga B.

Matsalar tana wajen ƙananan antibodi, nau'in IgG, waɗanda jiki ke ƙirƙira bayan an yi wa mutum ƙarin jini ko bayan mace ta yi ciki: anti-D, anti-C, anti-E, anti-K, anti-Jka, anti-S da 'yan uwansu, kowanne da sunan alamar da yake kamawa (D ita ce alamar da ake cewa Rhesus). Waɗannan suna liƙe wa ƙwaya amma ba sa dunƙule ta a ruwan gishiri. Ka duba kwalba ka ga komai lafiya lau, alhali jinin bai dace ba. A 1945 Robin Coombs da Arthur Mourant da Rob Race suka fito da maganin wannan: a zuba wani sinadari mai kama antibodin ɗan Adam, wanda muke kira AHG, shi zai haɗa ƙwayoyin da aka liƙe wa su dunƙule. Wannan shi ne gwajin Coombs, kuma kwalba da jel duk a kansa suke tsaye. Bambancinsu yana ga yadda ake kai ƙwayoyin ga AHG da yadda ake karanta sakamakon.

Kwalba: inda ƙarfinta yake da inda take zamewa

A kwalba, kana ɗiga ɗigo biyu na ruwan jinin majinyaci da ɗigo ɗaya na ƙwayoyin da aka tsinka zuwa kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Ka ɗumama a maki 37 na ma'aunin Celsius, minti 30 zuwa 60 idan ruwan gishiri ne zalla, ko minti 10 zuwa 15 idan ka sa LISS, wani ruwa mai ƙarancin gishiri da ke hanzarta liƙewar antibodi. Sai wanki: sau uku ko huɗu kana cika kwalba da ruwan gishiri, ka juya a inji, ka tsiyaye. Bayan haka ka zuba AHG, ka juya na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka girgiza a hankali kana kallon yadda ƙwayoyin ke tashi daga gindin kwalba. Idan babu dunƙulewa, aikin bai ƙare ba, sai ka ƙara ƙwayoyin tabbatarwa, waɗanda aka riga aka lulluɓe da IgG. In sun dunƙule, AHG ɗinka ya yi aiki. In ba su dunƙule ba, ka koma farko.

A hannun gwani, wannan hanya ba ta da makusa. Ita ce ma'aunin da aka gwada duk sauran hanyoyi da shi, kuma har yau manyan ɗakunan bincike na duniya in aiki ya rikice musu kwalba suke komawa. Amma a lura da yawan wuraren da hannu zai iya zamewa. Girman ɗigo ya danganta da yadda aka riƙe fifet, wato abin ɗiga ruwa. Kaurin ƙwayoyi da ido ake kintata shi. Wanki kuwa shi ne babban rami: ɗan abin da ya rage na ruwan jini a jikin kwalba, wanda ido ba ya gani, ya isa ya cinye AHG gaba ɗaya, sakamako ya fito “ya dace” alhali ƙarya ne. In ka yi jinkiri tsakanin wanki da zuba AHG, antibodi marasa ƙarfin riƙo sukan saki. In ka girgiza da ƙarfi, ka wargaza dunƙulen da bai yi ƙwari ba. Kuma da zarar ka karanta, shi ke nan, shaida ta tafi, babu abin da za ka nuna wa na gaba da kai in ya iso da safe.

Sai abin da kowa a wannan sana'a ya sani: ƙwayoyin tabbatarwa su ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, kuma in aiki ya yi yawa, matakin AHG kansa ake tsallakewa, a haɗa jinin mai bayarwa da na majinyaci a ruwan gishiri, a juya, a rubuta cewa ya dace. Wannan gwaji kuskuren ABO kaɗai yake kamawa. Duk IgG ɗin da muka lissafa zai wuce salin alin. Don haka idan za a kwatanta jel da kwalba, a faɗi gaskiya game da wace kwalbar ake nufi, wadda ke cikin littafi ko wadda ake yi a ɗakin a halin yanzu.

Yadda katin jel yake aiki

Yves Lapierre ne ya ƙirƙiro hanyar a birnin Lyon na Faransa a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin DiaMed na Suwizalan ya fito da ita kasuwa a ƙarshen shekarun, aka wallafa cikakken bayaninta a mujallar Transfusion a 1990. Bio-Rad ya sayi DiaMed a 2007. Katin roba ne da bai wuce tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka shida, ko takwas a na kamfanin Grifols. Saman kowane rami yana da faɗi, nan ake haɗa ƙwayoyi da ruwan jini. Ƙasansa siriri ne, cike da jel da aka riga aka jiƙa da sinadarin gwajin, ko AHG, ko anti-A, ko anti-B, ko anti-D, ko kuma ba komai.

Don neman antibodi a jinin majinyaci ko gwajin dacewarsa da jinin da za a ba shi, kana auna maikurolita 50 na ƙwayoyin da aka tsinka zuwa kashi 0.8 cikin ɗari, ka ƙara maikurolita 25 na filasma, wato ruwan jinin majinyaci, ka ɗumama minti 15 a maki 37, ka juya katin a injinsa na musamman kimanin minti 10 a hankali. Jel ɗin yana aiki ne kamar rariya: ƙwayar da ke ita kaɗai ta ratsa ta sauka ƙasa, waɗanda suka dunƙule su maƙale. In dunƙulen mai ƙarfi ne, za ka ga jan layi a saman jel, wannan 4+ ke nan. In ya bazu a rabin sama 3+, in ya bazu ko'ina 2+, in yana can kusa da gindi 1+. In duka sun taru a ƙasa tsaf, babu antibodi.

Hikimar da ta fi burge ni a nan ita ce yadda aka kawar da wanki. Ruwan da jel ke ciki ya fi filasma nauyi, saboda haka lokacin juyawa ƙwayoyi ne kawai ke nitsewa, filasma da duk IgG ɗin da bai liƙe ba su tsaya a sama. Ƙwayoyin suna isa ga AHG a tsabtace, ba tare da hannun kowa ya taɓa su ba. Tunda babu wanki, babu buƙatar ƙwayoyin tabbatarwa. Tunda babu girgizawa, sabon ma'aikaci da tsohon hannu kusan abu ɗaya za su gani. Sakamakon kuma yana zaune a katin na tsawon sa'o'i, ana iya ɗaukar hotonsa, a nuna wa wani, a ajiye a fayil. Manyan ramuka uku na kwalba, wato awo da wanki da karatu, duk an rufe su a lokaci guda.

Akwai wurare uku da wannan bambanci ya fi fitowa fili. Na farko jarirai. Jaririn da shawara ta kama a kwanakin farko ba shi da jinin da za a yi ta ɗiba, jel kuwa ɗan kaɗan yake bukata, kuma a gwajin Coombs na kai tsaye, mai duba ko antibodi ya riga ya liƙe wa ƙwayoyin a jiki, yakan kama IgG ɗin da wanki zai iya ɓamɓarewa a kwalba. Na biyu wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, mai ƙwayoyi iri biyu a jikinsa. A kwalba sai da ido mai kaifi, wani lokaci sai da madubin likita. A jel kuwa layi biyu za ka gani ƙarara, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na uku yawan aiki: mutum ɗaya zai iya jera katuna da yawa ya juya su tare, ya yi wani aikin kafin inji ya tsaya.

Inda jel ke da rauni

Mai sayar da kati ba zai daɗe a kan wannan ɓangare ba, don haka bari mu daɗe.

Jel ba ya gaggawa. Mace ta haihu jini na zuba, ana son rukuninta yanzun nan: kwalba za ta ba ka ABO da D cikin minti biyu ko uku, kati kuwa sai inji ya gama zagayensa, minti 10 a na Bio-Rad, 9 a na Grifols, 5 a BioVue na Ortho, wanda ƙananan duwatsun gilashi ne a cikinsa maimakon jel. Ba a rage wannan lokaci. In ka tsayar da inji da wuri, ƙwayoyin ba su gama sauka ba, za ka ga kamar akwai antibodi.

Rariyar kuma ba ta san dalilin maƙalewar abu ba. Zaren gudan jini daga samfurin da bai gama daskarewa ba yana iya riƙe ƙwayoyi a sama. Haka ma ƙwayoyin da suka jeru a kan juna saboda yawan furotin a jinin wasu majinyata, ko ƙwayoyin da aka tsinka da kauri fiye da ƙima, ko jinin cibiya da ba a wanke ba. A kwalba akwai dabarun warware irin wannan, kamar maye gurbin filasma da ruwan gishiri, waɗanda ba sa yiwuwa a cikin ramin kati.

Kaifin jel shi ma wuƙa ne da ke iya yankar mai shi ta fuskar lokaci. Yana kama antibodin da jiki ya yi wa ƙwayoyinsa, yana kama ragowar allurar rigakafi ta anti-D da aka yi wa mai ciki marar D makonni da suka wuce, yana kuma fito da raunanan sakamako da ba a san kansu ba. Kowane ɗaya daga cikinsu aiki ne: sai an bincika kafin a saki jini. Ɗakin da ya sayi katin nema amma ba shi da jerin ƙwayoyin tantance wane antibodi ne aka gani, kuma ba shi da inda zai tura samfuri, zai tsinci kansa da sakamakon da bai san yadda zai yi da shi ba. Hakan ya fi rashin sani, amma a shirya masa tun kafin a fara.

Sai wani abu da nake so kowa ya riƙe da kyau: katin AHG ba a yi shi don tabbatar da ABO ba. Raunanan anti-A da anti-B, irin na tsofaffi ko na wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, suna iya fitowa da rauni sosai ko su ɓace a katin IgG. Gwajin dacewa a jel ba ya ɗauke wa kowa nauyin tantance rukunin majinyaci da na ledar jini, ta ɓangaren ƙwayoyi da ta ɓangaren filasma. Kuma babu katin da zai gyara kuskuren rubuta sunan wani a kwalbar wani, wanda shi ne tushen yawancin haɗurran ABO a ko'ina a duniya.

Zafi, wuta da hanya

An ƙera katin nan ne a ƙasashe masu sanyi, kuma abin ya nuna. Yawancin katuna ba a so su wuce maki 25 a ajiya. Na Bio-Rad tsakanin 18 da 25 ake ajiye su, ba a sa su a firji. Wasu kamfanoni sun yarda daga 2 zuwa 25. Daskarewa kuwa tana lalata kowanne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda watan Afrilu ke haura maki 40, wannan na nufin ɗaki mai na'urar sanyaya da ba ta mutuwa dare da rana. Katin da ya sha zafi, ruwan saman jel ɗinsa yana ƙafewa, jel ya tsage ko ya yi kumfa, sai ƙwayoyi su maƙale ba dalili. Katin da ya kwanta a gefe cikin mota daga tashar jirgin ruwa ko filin jirgin sama, sinadarinsa kan fantsama zuwa saman rami, har ya taɓa murfin. Shi ya sa ake ajiye su a tsaye, ake kuma ɗaga kowane kati a duba shi a haske kafin a ɓare murfin. Ramin da aka ɓare kuma a yi amfani da shi nan take, kada a bar shi ya sha iska.

Ƙwayoyin gwaji sun fi katin laushi. A firji suke zama tsakanin maki 2 da 8, kuma 'yan makonni ne rayuwarsu. In dillali ya makara, ko kaya suka kwana a kwastan, rabin wa'adin ya tafi kafin su iso. Wannan matsala ta shafi kwalba ma, amma a jel ta fi ciwo, domin kowane kamfani yana so ka yi amfani da ƙwayoyinsa da ruwan tsinkawarsa.

A nan ne maganar ɗaurewa ta shigo. Injin juya katin wani kamfani galibi ba ya karɓar katin wani, saurinsa da lokacinsa an saita su ne don kati ɗaya. Ranar da ka zaɓi kamfani, ka ɗaure kanka da shi na shekaru. Da kwalba kuwa, in anti-D na wannan kamfani ya yanke a kasuwa, ka sayi na wancan ka gwada ingancinsa ka ci gaba. Wanda ya ga yadda farashin kayan da ake shigowa da su ya tashi bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023 ya san cewa wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Idan an ba ka inji “kyauta” bisa sharaɗin sayen kati, karanta yarjejeniyar da kyau: katuna nawa dole ka saya a wata, da wane kuɗi aka ƙayyade farashin, wa zai gyara inji in ya lalace, kuma a wane gari injiniyan yake zaune.

Lissafin kuɗi na gaskiya

In aka dubi kuɗin sinadari kaɗai, kwalba ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ke musun haka. Amma a yi lissafin da adalci. A ɓangaren kwalba a sa AHG mai inganci, ƙwayoyin tabbatarwa, LISS, ruwan gishiri mai yawa, lokacin ma'aikaci, da gwaje-gwajen da ake maimaitawa. A ɓangaren jel a sa kati, ruwan tsinkawa, bakin fifet, kuɗin sanyaya ɗaki, da katunan da za su lalace ba a yi amfani da su ba. Wannan na ƙarshe shi ke kashe ƙananan ɗakuna. Asibitin da ke haɗa leda biyu ko uku a rana zai ga kwali ya kai wa'adinsa da saura a ciki. Wanda ke haɗa leda talatin ko hamsin ba zai san wannan asara ba, kuma lokacin ma'aikata da zai tsira da shi yana da daraja.

A asibitocinmu majinyaci ne ke biyan kuɗin gwajin daga aljihunsa, wannan kuma ba abin wasa ba ne ga iyalin da suka riga suka sha wahalar neman mai ba da jini. Duk da haka, jinin da bai dace ba shi ma yana da farashi: ƙarin kwanaki a gado, wata ledar, wani lokaci har lalacewar ƙoda.

Abin da jinin mutanenmu ya ƙara a kan lissafin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar sikila a Nijeriya kowace shekara. Waɗannan su ne masu komawa bankin jini sau da yawa a rayuwarsu, kuma kowace leda dama ce ga jiki ya ƙirƙiri sabon antibodi. Wasu antibodin, musamman anti-Jka, suna dusashewa bayan watanni har gwaji ya kasa ganinsu, sai an sake ba da jini mai wannan alama su taso da ƙarfi. Bayan kwana uku zuwa mako biyu jinin ya fara fashewa, majinyaci ya dawo da ciwon ƙashi da zazzaɓi da fitsari mai duhu, a ɗauka ciwonsa ne na kullum ya tashi, a ƙara masa wani jinin. Ga irin waɗannan majinyata, da mata masu yawan haihuwa, hanya mai kaifi wadda ba ta canzawa daga hannu zuwa hannu ta cancanci kuɗinta. In za a fara jel a kan mutane kaɗan, da su za a fara. A kuma buɗe musu rajista, duk antibodin da aka taɓa gani a rubuta shi har abada, domin katin gobe ba lalle ya sake nuna shi ba.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ƙwayoyin neman antibodi da ake shigowa da su galibi daga masu ba da jini na Turai da Amurka aka samo su. Alamomi irin su Jsa da V da VS suna da yawa a jinin 'yan Afirka, Jsa kaɗai tana jikin kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu asalin Afirka, amma a wurin Turawa da wuya a same su, don haka sau da yawa ba sa cikin ƙwayoyin neman. Majinyaci na iya samun anti-Jsa, gwajin nema ya fito babu komai, ledar da aka ɗauko masa kuwa tana ɗauke da Jsa. A ƙasashen da ake sakin jini da kwamfuta bayan gwajin nema ya fito lafiya, wannan haɗari kaɗan ne. A wurinmu ba kaɗan ba ne. Shi ya sa nake ganin ga wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini ko matar da ta taɓa ciki, kada a bar haɗa filasmar majinyaci da ƙwayoyin ita ledar kanta har zuwa matakin AHG. Wannan ma labari ne mai daɗi ga ƙaramin ɗaki: ko ba ka da ƙwayoyin nema, katin AHG da ruwan tsinkawa sun isa ka yi cikakken gwajin dacewa.

Game da D kuwa, nau'o'in da ba su cika ba, irin su DAR da DAU da DIIIa, sun fi yawa a Afirka. Mai ɗauke da su na iya fitowa da D a kati da ƙarfi, amma jikinsa ya iya yin anti-D. Jel bai warware wannan ba, kwalba ma haka, sai gwajin ƙwayoyin gado. Abin da ɗaki zai iya shi ne ya tsayar da ƙa'ida a rubuce: in D ya fito da rauni ga mace mai shekarun haihuwa, a ɗauke ta a matsayin marar D wajen ba ta jini da allurar anti-D.

Manyan injuna da hanya ta uku

Akwai injuna masu yin komai da kansu a kan kati, kamar IH-500 na Bio-Rad, Erytra na Grifols da Ortho Vision. Akwai kuma hanyar faranti ta Immucor mai suna Capture, inda ake shimfiɗa ɓawon ƙwayoyi a gindin rami, wadda ita ma kaifi gare ta kuma galibi a inji ake yin ta. Amfaninsu na gaske shi ne suna karanta lambar samfuri su aika sakamako kwamfuta, hannu bai kwafi komai ba. Amma suna son wuta tsayayya, ruwa mai tsabta, injiniya a kusa, da samfura masu yawa kullum. Cibiyar jini ta yanki ko babban asibitin koyarwa na iya tunaninsu. Sauran, injin juya kati da na ɗumamawa da fifet mai kyau sun wadatar.

To wanne za a zaɓa?

Ga babban asibiti mai sashen sikila da na jarirai da ɗakin haihuwa mai cunkoso, wanda ke da ɗaki mai sanyi da dillalin da aka gwada alƙawarinsa, shawarata a mayar da duk aikin AHG zuwa jel: neman antibodi, gwajin dacewa, da Coombs na kai tsaye. Rukunin ABO da D kuwa ana iya barinsa a kwalba, domin a nan jel bai ƙara wani abu mai yawa ba in ban da tsada da jinkiri, sai dai ga jarirai da samfuran da suka rikice.

Ga matsakaicin asibiti, a raba majinyata. Masu sikila, waɗanda aka taɓa ƙara wa jini, mata masu ciki ko waɗanda suka taɓa haihuwa, da jarirai, a yi musu da kati. Sauran a yi musu da kwalba, amma cikakkiya, da AHG da ƙwayoyin tabbatarwa. Asibitoci biyu ko uku da ke gari ɗaya suna iya haɗa oda don kada kati ya lalace a hannun kowa.

Ga ƙaramin wuri da wuta ke zuwa tana tafiya kuma ɗakin ba ya sanyi, kati zai zama asara, kuma katin da zafi ya ɓata ya fi kwalba haɗari domin mutane sun riga sun amince da shi. Kuɗin a zuba shi a firji mai aiki da hasken rana, injin juyawa da aka daidaita saurinsa, tukunyar ɗumamawa mai riƙe maki 37, AHG mai kyau, da horar da ma'aikata. A sauka daga tayil a hau kwalba, wannan matakin kaɗai ya fi sayen kati amfani a irin wannan wuri.

Duk wanda ya yanke shawarar komawa jel, kada ya sauya rana ɗaya. A ɗauki wani lokaci ana gwada samfura ta hanyoyin biyu a jere, har da waɗanda aka san suna da raunanan antibodi, a rubuta inda suka saɓa a binciki dalili. Kowace rana a gwada kati da samfurin da aka san yana da antibodi da wanda aka san ba shi da shi. A duba fifet da saurin inji a kan kari. Kwalabe da AHG na ruwa kuma su ci gaba da zama a kan shiryayye, a riƙa sa kowane ma'aikaci, har sababbin ɗauka, yana yin gwajin kwalba lokaci zuwa lokaci a gaban babba, domin ranar da kati ya yanke ko inji ya tsaya ko samfuri ya ƙi warwaruwa, da ita za a fitar da jinin.